Akwatin da Baba A-Hankali Ya Hana a Fasa

In ka sauka daga babban titi ka shiga layin masu gyara, ka wuce mai faci, ka wuce mai gyaran fanka, za ka tarar da wata 'yar rumfa da makullai suka yi wa labule. Iska na kaɗawa suna ƙara kamar awaki masu ƙararrawa. Nan ne wurin Baba A-Hankali.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Mutum ya zo da kwaɗon da ya ƙi buɗuwa, yana huci yana neman guduma, Baba zai karɓa ya ce, "A hankali." Wani ya kulle kansa a waje, matarsa na ciki tana zazzaga masa ta taga, Baba zai ɗauki jakarsa ya ce, "A hankali." 'Yan layi har rantsuwa suke yi wai ranar da rumfar mai gyaran fanka ta kama da wuta, kowa na gudu da bokiti, shi ma ya taho da nasa yana cewa a hankali. Wannan kam da alama ƙari ne, amma ƙarin ya yi kama da shi.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Tebur ne da ya yi baƙi don tsufa, da ƙarfen matsi a gefe, da magagari manya da ƙanana a cikin tsohon gwangwanin madara, da guntun kyandir, sai fensir a bayan kunne. Yana da injin yanka makulli, amma kallon da yake masa irin wanda ake wa surukin da aka karɓa don dole ne. Fensirin kuwa ba na rubutu ba ne. In kwaɗo ya yi tauri, sai ya kankare bakin fensirin ya hura garin a cikin ramin, ya sa makulli ya yi ta lallaɓawa har abin ya saki. Wanda ya ce a zuba mai, Baba zai dube shi da tausayi.

"Mai ƙura yake tarawa. Yau ya buɗe maka, gobe ya ci amanarka."

Da wannan tebur ya yi aure, da shi ya tarbiyyantar da 'ya'ya har suka watse neman nasu. Ba a taɓa jin ya yanka wa mutum makullin gidan da ba nasa ba. In ka zo da zanen makulli a jikin sabulu, ka ce na ɗakin kakarka ne, zai ce ka je ka zo da kakar.

Abu ɗaya ne ke fitar da shi daga hankalin nan nasa: wiwi. Bayan rumfarsa akwai wani lungu da samari suka mayar majalisa, kuma hayaƙinsu ta ƙarƙashin teburinsa yake biyowa. Baba ba ya kiran 'yan sanda, ba ya zagi. Bokiti yake cikawa da ruwan wankin hannu ya leƙa ta saman katanga. Maƙwabcinsa Mai Faci, wanda yanzu ya zama magidanci da tumbi da 'ya'ya, a zamanin samartakarsa ya sha wankan bokitin nan ba sau ɗaya ba. Ya daina busa tun tuni, amma bai daina tsokana ba. Kullum da safe gaisuwarsa ita ce, "Baba, yau akwai ruwan sama ko mu shanya kaya?"

To, haka rayuwa ke tafiya har ranar da aka kira Baba ya sa kwaɗo a ƙofar wani sito. Ƙofar ƙarfe ce, sabuwa, masu walda ba su gama kafe ta ba. Yana durƙushe yana aunawa ta zame ta sauko masa a gadon baya.

An yi masa aiki, ƙashi ya haɗe, ya tashi da ƙafafunsa. Amma wata jijiya a cikin bayan ta ƙi yafewa. Ciwon ba irin na targaɗe ba ne da za a shafa mai a ɗaure. Kamar an ja wayar lantarki ne daga ƙugunsa zuwa babban yatsan ƙafar hagu, wani kuma yana zaune yana wasa da makunnin. Ko zanin gado ya taɓa ƙafar sai ya ciji leɓe. Asibiti suka gwada wannan, suka gwada wancan, daga ƙarshe suka ɗora shi a kan mofin, maganin nan mai ƙarfi da ba a bayarwa sai da sa hannun likita.

Da farko rahama ce. Baba ya koma teburinsa, har ya watsa wa sababbin 'yan lungu bokiti don su san ya dawo. Amma a kwana a tashi, abin da yake kai shi yamma ya koma ba ya kai shi azahar. Aka ƙara. Aka sake ƙarawa. Ciwon ya lafa, sai wani baƙo ya shigo: gyangyaɗi. Mutum na tsaye yana masa bayanin kwaɗo, sai ya ga kan Baba yana sauka a hankali, kai ka ce sunansa yake bi.

Ana cikin haka Tela ta zo. Mace ce mai shagon ɗinki a ƙarshen layi, mai saurin magana, kullum da allura a bakin mayafi. Ƙaninta ne ya sauke mata wani akwatin ƙarfe daga bayan babur, irin na dā, mai nauyi, fentinsa duk ya kankare.

"Baba, na mahaifiyarmu ne, Allah ya jiƙanta. Kayan aikinta duk suna ciki. Makullin ɗaya ne tak, kullum gabana faɗuwa yake kada ya ɓata. A yi min na biyu."

Baba ya juya makullin a tafin hannu. Dogon wuya gare shi, da haƙora a ƙarshe kamar matsefi. Inji ba ya cin irinsa.

"Wannan aikin hannu ne," ya ce, har fuskarsa ta yi haske. "Wanda ya ƙera wannan ya san Allah. Ki dawo da yamma, 'yar nan."

Ya zaro wani makulli da ba a yanka ba, mai irin wuyan, ya ajiye su gefe da gefe. Ya ɗaura ɗaya a ƙarfen matsi, ya ɗauki magagari. Rana ta take, maganin safe yana kan ganiyarsa, hannu na tafiya da kansa kamar jakin da ya san hanyar gida. Ya ci, ya ci, ya hure gari, ya sake ci. Sai da ya kwance matsin ya ɗaga abin sama don ya gwada da na asali, sannan ya ga sabon makullin na nan kwance a tebur, sumul, ko ƙwarzane babu.

Na asalin ya ɗaura. Na mahaifiyar Tela ya gurje. Haƙora biyu sun tafi, sun zama garin da ya hure da bakinsa.

Ya sa shi a akwatin, ya murɗa a hankali. Makullin ya juya fayau kamar cokali a kofin shayi, bai kama komai ba.

Da Tela ta dawo bai yi kwana-kwana ba. Ya miƙe tsaye, duk da ƙafar, ya faɗa mata abin da ya yi. Tare da ƙaninta ta zo. Ƙanin nata ne ya fara.

"Shi ke nan ai! Yaya, a kawo guduma da kurfi, minti nawa ne? Tsoho ya tsufa, a bar shi ya huta."

"Kada a fasa," in ji Baba. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ki bar min shi a nan. Ni na rufe shi, ni zan buɗe. In na kasa, da hannuna zan miƙa wa yaron nan guduma, in kwashe makullaina in koma gida. Ba zan sake zama a teburin nan ba."

Tela ta dube shi, ta dubi akwatin. Shi ne ya sa mata kwaɗon shagonta ranar da ta buɗe shi.

"Ba gudu zai yi ba, Baba," ta ce. "Yana nan wurinka."

Aka tura akwatin ƙarƙashin tebur, daidai inda gwiwarsa za ta riƙa bugunsa.

Ranar nan mutumin da ya shekara da shekaru yana koya wa duniya lallaɓawa ya yi abin da ko ɗan acaɓa mai gaggawa ba zai yi ba. Ya koma gida, ya tattara maganin ya miƙa wa matarsa, ya ce ta kulle a kabad, daga yau ya daina. Gaba ɗaya, dare ɗaya.

Kwana biyu ba su cika ba gidan ya rikice. Gumi, hamma, hawaye ba kuka, ciki na murɗawa, banɗaki ya zama ɗakinsa na biyu. Wayar lantarkin ƙafar kuwa kamar an haɗa ta da babban layi. Matarsa, mace mai haƙuri wadda haƙurinta ke da iyaka sananniya, ta tsaya a kansa da mayafi a kafaɗa.

"Malam, ko ka tashi da ƙafarka ko in kira Mai Faci ya ɗauke ka kamar taya. Zaɓi."

Ya zaɓi ƙafarsa.

Likitar da ke duba masu ciwon da ya ƙi jin magani yarinya ce a idon Baba, sa'ar autarsa, mai gilashi da yawan murmushi. Amma da ta ji abin da ya yi, murmushin ya tafi hutu.

"Baba, kai ne fa aka ce min ana kira A-Hankali?"

"Haka suke cewa."

"To wa ya ba ka shawarar fizge maganin nan lokaci ɗaya? Ba a yi masa haka. Sauka ake yi, mataki-mataki."

Matarsa ta ce, "Faɗa masa dai, Likita. Ni in na faɗa, surutu ne."

Likita ta jawo takarda ta zana doguwar sanda, ta ce wannan laka ce, wadda ke cikin ƙashin baya. Ta ce ciwo saƙo ne. Jijiya ke ɗauko shi daga ƙafa ta kawo shi laka, a nan ta miƙa wa wata jijiyar, ita kuma ta haura da shi ƙwaƙwalwa. Sai ya isa can sama mutum ke cewa wayyo.

"Wurin da suke miƙa wa juna saƙon, ka ɗauke shi kamar ƙofa. A jikin ƙofar akwai wasu 'yan kwaɗuna, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Mofin makulli ne. In ya shiga nasa kwaɗon ya murɗa, ƙofar ta ɗan rufu, saƙon da ke wucewa ya ragu."

Baba ya gyara zama. Tun da ya fara zuwa asibitin nan, yau ne aka fara yi masa magana da yaren mutane.

"To me ya sa dā kaɗan ke isa, yanzu sai an ninka?"

"In kullum kwaɗo ɗaya ake murɗawa, da ƙarfi, jiki yakan janye wasu ya ɓoye, waɗanda suka rage kuma su daina amsawa kamar dā. Sai a ƙara magani. Maganin kuma ba a laka kaɗai yake tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa yake hawa. Shi ne barcin da kake yi."

"Kwaɗo ya cinye," in ji Baba, yana gyaɗa kai. "An matsa masa."

"Yawwa. To ga inda nake so ka saurara. Kusa da wannan kwaɗon, sau da yawa a jikin jijiya ɗaya, akwai wani iri na daban, da nasa makullin. Daga waje ba ruwan wani da wani. Amma daga ciki kusan sakata ɗaya suke ja. Kuma duka biyun, jikin mutum yana ƙera musu nasa makullan da kansa, tun kafin a san wani magani. Masu bincike sun ga cewa in aka taɓa na biyun kaɗan, na farkon yakan yi aiki da ɗan abin da bai kai na dā ba. Har akwai alamar taɓa na biyun kan sa jiki ya saki nasa makullan na kwaɗon farko."

"Kwaɗo biyu, sakata ɗaya." Baba ya lumshe ido yana ganin abin. "Na taɓa gyara irinsa a wata tsohuwar ma'ajiya. A jikin wa suka ga wannan?"

"A jikin ɓeraye."

"Ɓeraye."

"Su ake fara gwadawa. A wurinsu abin ya fito sarai. A jikin mutane kuwa, gaskiya ba mu tabbatar ba. Wasu sun ce sun ji sauƙi, wasu ba su ga komai ba, wasu jiri kawai ya dame su. Shi ya sa muke wani gwaji a nan, da izinin hukuma, ga masu irin ciwonka. Ba alkawari nake maka ba."

Matarsa ta ce, "Ai shi ma shigar ramuka ne aikinsa, ba su da nisa da ɓeran."

Baba bai kula ta ba. "Wannan makulli na biyu, a ina ake samo shi?"

Likita ta gyara gilashinta. Da alama an riga an ba ta labarin bokiti.

"Daga ganyen wiwi ake tace shi, Baba. Ba busawa ake yi ba. Ɗigo ne, a aune, a ƙarƙashin harshe."

Baba ya lalubo sandarsa.

"Tashi mu tafi," ya ce wa matarsa.

Likita ba ta ja da shi ba. Ta dai mayar da shi kan mofin, ƙasa da na dā kaɗan, ta ce za su riƙa sauka tare, da gwajin ko babu shi. Ta haɗa shi da masu koyar da motsa jiki. Ta ce ƙofarta a buɗe take.

Ya koma tebur. Ya daina karɓar aikin hannu, sai na inji, surukin nan da bai so. Akwatin Tela na ƙarƙashi yana gaisawa da gwiwarsa. Sau da yawa yakan jawo shi ya kunna kyandir, sai ya ga idonsa na ninka harshen wutar biyu, ya hure ya mayar. In ya rage magani, ciwo ya hana shi zama. In ya sha yadda zai zauna, barci ya zo ya zauna tare da shi. Ƙanin Tela kuwa duk sanda ya wuce a babur sai ya rage gudu ya ce, "Baba, gudumar na nan fa, na shafa mata mai."

Labari ba ya kwana a layin masu gyara. Matar Baba ta faɗa wa matar Mai Faci a asirce, wato ta faɗa wa duniya. Wata rana da hantsi Mai Faci ya jawo tsohuwar taya ya zauna a bakin rumfar, yana goge hannu da tsumma, fuskarsa cike da mugunta.

"Baba, ashe likitoci sun gano abin da muka gano tun muna yara? Da ka bar mu a lungu, da yanzu mu ne manyan asibitin."

"Tashi ka ba ni wuri."

"Allah in kana so in yi magana da yaran baya. Su kawo maka na asali, ba sai an tace ba."

"Na asalin ne ya sa ka yi wa motar mutane faci a tayar da ba ta fashe ba."

Mai Faci ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Wallahi an yi haka. Kuma Likita ta yi gaskiya, wancan ba magani ba ne, ba wanda ya san abin da ke ciki, ba awo ba komai. Ni na sha, na sani." Sai ya ninke tsumman. Da ya sake magana muryarsa ta canza. "Baba, in tambaye ka tsakani da Allah. Me ka tsana a wurinmu lokacin nan? Ganyen ne ya zage ka?"

"Na tsani in ga mutum da ƙarfinsa, rana tsaka, ido ya kaɗa, kai na lilo, aikin mutane na lalacewa a hannunsa."

"To."

Mai Faci ya miƙa hannu ya ciro wani madubin babur da ke rataye a jikin rumfarsa, ya ajiye a kan teburin Baba, ya mirgina tayarsa ya koma bakin aiki.

Baba ya daɗe bai taɓa madubin ba. Ba sai ya duba ba. Gwiwarsa na jingine da amsar: akwatin Tela.

Da ya koma asibiti, sai da Likita ta gama yi masa bayanin gwajin tiryan-tiryan, da abin da zai iya ji na jiri ko bushewar baki, da cewa duk ranar da ya ga dama zai iya fita. Ya amince. Sannan ta kawo wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya ya rage. Rabin masu gwajin maganin ake ba su. Rabin kuma mai ne kawai, mai irin ɗanɗanon, ba komai a ciki. Ba za ka san naka ba."

"Ke fa?"

"Ni ma ban sani ba, sai an gama da kowa. In na sani, fuskata za ta faɗa maka, kai kuma jikinka ya biye wa fuskata."

Baba ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken taga.

"Wato in zubar da mutuncin da na tara, layi guda su yi ta kirana ɗan wiwi, kuma wataƙila man banza nake lasa?"

"Wataƙila."

"Ikon Allah. Ko ɓarawo yakan san gidan da ya shiga."

Amma abin ya burge shi, ko da bai faɗa ba. Shi ma in yana gwada kwaɗo ba ya yarda mai shi ya tsaya a kansa yana cewa ai ya kusa. Hannu ne ke faɗa, ba fata ba.

Daga nan aka shiga aikin da ya fi dacewa da sunansa. Ɗigo a ƙarƙashin harshe. Mofin na sauka kaɗan-kaɗan, irin saukar da ba a gani sai an waiwaya. Motsa jiki a kan tabarma da safe, ƙafa sama, ƙafa ƙasa, matarsa na ƙirgawa tana ƙara masa biyu don mugunta. Akwai makon da aka rage ciwon ya yi bore, aka koma baya, aka jira, aka sake gwadawa. Mai Faci ya sauya gaisuwa, ya koma, "Ranka ya daɗe shugaban lungu, ya hayaƙi?" Baba kuwa bai fasa cika bokitinsa ba. Da wani ɗan lungu ya ɗaga murya ta bayan katanga ya ce ai yanzu duk ɗaya suke, Baba ya amsa masa da cewa nasa da awo yake sha, ga kuma na yaron, shi ma a aune, bokiti guda.

Ciwon bai tafi ba, kada wani ya yi maka ƙarya. Wayar na nan. Sai dai mai wasa da makunnin ya rage ƙwazo, kuma kan Baba ya daina sauka a gaban mutane. Da ya tambayi Likita ko ɗigon ne, ta ce zai yiwu, zai kuma yiwu saukar a hankali ce da motsa jikin, ko duka. Ya ce wannan amsa irin ta masu gyaran rediyo ce. Ta ce ita ce ta gaskiya.

Wata safiya, bayan zafi ya wuce an shiga ruwa, ya iso rumfa ya share tebur, ya rufe injin da buhu. Ya sa Mai Faci ya ɗora masa akwatin a sama. Ya aika a kira Tela.

Ta zo da ƙaninta, shi kuma don iya shege har da gudumar ya taho, a saɓe a kafaɗa.

Baba ya kunna kyandir. Harshen wutar ɗaya ne. Ya ɗauki makullin nan sumul da ya rage tun ranar, ya riƙa shi a saman wutar har baƙin hayaƙi ya rufe bakinsa. Ya zura shi a ramin, ya murɗa kaɗan, kamar mai taɓa kafaɗar wanda ke barci. Ya zaro. A jikin baƙin akwai 'yan tabo masu ƙyalli, inda ƙarafan ciki suka taɓa. Nan kaɗai ya sa magagari, ja biyu, ya tsaya. Ya sake shafa hayaƙi. Ya sake zurawa.

Aikin ke nan. Kwaɗon ne ke faɗar inda za a ci, kai naka saurare. In ka ci ƙasa da yadda ya ce, ka sake zagayowa. In ka zarce da kaurin gashi ɗaya, ka yi asarar makullin.

Rana ta ɗaga. Mai gyaran fanka ya bar fankarsa ya zo. Masu wucewa suka tsaya don sun ga an tsaya. Gumi ya jiƙa wuyan rigar Baba, kuma can wajen azahar ƙafar hagu ta fara aiko da saƙonta. Tela ta ga yatsunsa na ƙafa sun dunƙule a cikin takalmi.

"Baba, a bari sai gobe mana."

"In na tashi, zan manta abin da ya faɗa min."

Ya miƙe ƙafar a kan tayar Mai Faci, ya ja numfashi irin wanda masu motsa jiki suka koya masa, ya jira abin ya wuce kamar yadda ake jiran babbar mota ta wuce kafin a tsallaka. Sannan ya sake ɗaukar kyandir. Ƙanin Tela ya sauke gudumar daga kafaɗa, don ta fara masa nauyi, ya rasa inda zai sa ta, ya ɓoye ta a bayansa.

Haƙori ya fito, wani ya biyo. Da aka kai wani wuri makullin ya juya rabi ya tsaya cak. Wani daga baya ya ce, "Danna da ƙarfi, Baba, ya zo!" Baba ko waiwaye bai yi ba. Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya kankare bakinsa, ya hura garin a ramin. Ya duba tabon ƙarshe, ya ja magagari sau ɗaya, ja mai laushi. Ya zura.

Ƙarar ba ta da girma. Ƙas, kamar an karya tsinke.

Bai buɗe murfin ba. Ya janye hannunsa ya juya akwatin ya fuskanci Tela. Ita ta ɗaga. Ƙamshin tsohon yadi da man keken ɗinki ya taso. Ga wani babban almakashi mai baƙin hannu a naɗe cikin ƙyalle, ga tef ɗin awo da lambobinsa suka goge, ga gwangwanin maɓallai. Ta ɗauki almakashin ta sa yatsunta a ramukan, ta buɗe ta rufe, ya yi ƙara tsaf kamar jiya aka ajiye shi. Sai ta rufe fuska da mayafi, allurar da ke bakinsa na lilo.

"Gobe ki aiko a karɓi na biyu," in ji Baba. "Wannan karon na san wanda zan ɗaura."

Mai Faci ya share ido da tsumman aikinsa, ya bar baƙin mai a kumatu. "To Baba, yanzu dai faɗa mana gaskiya. Wiwi ce ko man banza?"

"Ban sani ba. Likita ma ba ta sani ba."

"Kai! Wato har yanzu ba mu san ko kai namu ne ba?"

"Je ka tambayi bokiti."

Aka kwashe da dariya. Baba ya hango wata mata a bayan taron riƙe da kwaɗon da makulli ya karye a ciki, tana ta leƙe tun ɗazu. Murna ta ɗebe shi, ya manta da bayansa, ya yunƙura zai miƙe da sauri kamar saurayi. Tela da Mai Faci da mai gyaran fanka, har da mai guduma, suka haɗa baki:

"A hankali!"

Ya tsaya rabi a tsaye, ya bi su da harara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya koma ya zauna, ya mayar da fensirin bayan kunne, ya miƙa wa matar hannu.

"Kawo mu gani, 'yar nan. Wa ya matsa masa?"